Neman shawara: littattafan wasan kwaikwayo da na soyayya mai sauƙi, na karantawa da na saurare

Ummu Safwan:

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Na zo da neman shawara a kan abin da na san a nan ne za a fi sanin sa. Wata biyu ke nan da aka yi mini aiki a ido, likita kuma ya hana ni daɗewa ina duban takarda ko fuskar waya, saboda haka na koma saurare, wani lokaci a kwance, wani lokaci ina ɗan aikin hannu a ɗaki. Abin da nake nema iri biyu ne, amma da za a sami littafin da ya haɗa su, da na fi kowa murna. Na farko shi ne duk abin da ya shafi wasan kwaikwayo, ko wasan kansa a rubuce, ko labarin masu yin sa, yadda suke gwaji da yadda suke saɓawa su shirya a bayan labule. Na biyu shi ne labarin soyayya mai sauƙi, wanda ba zai bar ni da ƙunci ba, domin a halin da nake ciki ba zan iya ɗaukar labarin da za a binne masoyi a babin ƙarshe ba.

Son wasan kwaikwayo ya samo asali ne tun ina sakandare. A ƙungiyar wasanmu ni ce mai tuni, wato wadda take zama a kan ɗan benci a bayan labule, riƙe da takardar wasa da ƙaramar tocila, idan ɗan wasa ya manta abin da zai faɗa sai in raɗa masa kalmar farko. Ban taɓa tsayawa a gaban 'yan kallo ba, amma babu maganar ɗan wasan da ban haddace ba, har na san inda kowa yake yin tuntuɓe tun kafin ya iso wurin. Ina jin Hausa da Ingilishi, don haka kowanne aka ba ni ina so. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malamin Adabi:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara sauƙi, ya mayar da gani yadda yake. Idan littafi ɗaya aka ce in ba ki, ba zan yi dogon tunani ba, Daren Sha Biyu zan ce, fassarar da marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa wasan Shakespeare mai suna Twelfth Night, wadda ta fito a 1971. A asalin wasan, wata budurwa ce mai suna Viola jirgin ruwansu ya nutse, ta tsira, ta ɗauka cewa tagwayenta namiji ya mutu, sai ta sa kayan maza ta shiga hidimar wani basarake. Basaraken yana son wata mace mai daraja, sai ya riƙa aiken wannan yaro nasa ya kai mata saƙon zuciyarsa. Matar ta ƙi mai aike ta kamu da son ɗan aike, ɗan aiken kuwa, wanda mace ce, tana son ubangidanta ba ta da bakin faɗa. Ba a mutuwa a ƙarshe, aure ake yi. Kuma kin ga buƙatunki biyu sun haɗu a wuri ɗaya, domin ita Viola wasan kwaikwayo take yi a cikin wasan kwaikwayo tun daga farko har zuwa fitowar ƙarshe. A zamanin marubucin ma yara maza ne suke fitowa a matsayin mata, wato namiji ne yake kwaikwayon macen da take kwaikwayon namiji.

Sai dai ya zama dole in ja hankalinki game da sauran rubutattun wasanninmu na Hausa, don kada wani ya jero miki su da kyakkyawar niyya ki je ki kwana da ɓacin rai. Yawancinsu an rubuta su ne domin gyaran hali, ba domin sanyaya zuciya ba. Uwar Gulma na Mohammed Sada wahalar mace ce a hannun miji marar tausayi. Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi labarin mai arziki ne da ya ƙi jin gargaɗi a kan aure har ya tsiyace. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina kuwa yana nuna yadda mai kuɗi yake lalata rayuwar 'yar makaranta. Dukansu ayyuka ne masu daraja, na koyar da su shekaru masu yawa kuma har gobe ina alfahari da su, akwai kuma wuraren dariya a cikinsu, musamman a bakin Maƙarfi wanda ya iya zancen mutanen kasuwa da na tsakar gida. Amma soyayyar da take cikinsu tarko ce ko sanadin hasara, ba irin wadda kike nema ba ce. Ki ajiye su sai kin warke.

Mai Karatun Dare:

Allah ya ba da lafiya, Yaya. Tun da kina jin Ingilishi, ki nemi Tom Lake na marubuciyar Amurka Ann Patchett, wanda ya fito a 2023, kuma ki neme shi a murya, ba a takarda ba. Jarumar fim Meryl Streep ce ta karanta shi, tsawonsa ya ɗan haura awa 11. Wata uwa ce a gonarsu da ke jihar Michigan, a lokacin kullen annobar korona, 'ya'yanta mata uku sun dawo gida suna taya aiki, sai suka matsa mata ta ba su labarin ƙuruciyarta, lokacin da take 'yar wasan dandali har ta yi soyayya da wani saurayi da ya zama shahararren jarumin fim daga baya. Abin da ya kama ni shi ne uwar tana zaɓen abin da za ta faɗa wa yaran da abin da za ta riƙe, mu masu saurare kuwa muna jin duka biyun. Akwai kwanakin gwaji, akwai kishi tsakanin 'yan wasa, akwai wadda take zaman jiran ranar da babbar jaruma za ta kasa fitowa don ta maye gurbinta. Akwai baƙin ciki kaɗan, ba zan ɓoye miki ba, amma tun daga farko kin san mai ba da labarin tana zaune lafiya da mijinta da 'ya'yanta, wannan kuwa yana sa a saurara da kwanciyar hankali. Wasan da suke yi a cikin labarin shi ne Our Town na Thornton Wilder, na 1938, kuma sanin sa yana ƙara daɗin littafin ko da yake ba sharaɗi ba ne.

'Yar Alƙalami:

Ummu Safwan, da na karanta inda kika ce ke ce mai tuni a bayan labule, nan take littafi ɗaya ya faɗo mini, domin jarumarsa aikinki ta yi. Shi ne Mansfield Park na Jane Austen, wanda aka buga a Ingila a 1814. Fanny yarinya ce daga gidan talakawa da aka kawo ta girma a gidan 'yan'uwanta masu hali, tana da kunya, kuma tana son ɗan gidan, Edmund, ba tare da kowa ya sani ba. Da maigidan ya yi doguwar tafiya, sai samari da 'yan matan gidan da baƙinsu suka ce za su shirya wasan kwaikwayo a cikin gida. Wajen rabon matsayi kaɗai ya isa littafi, domin kowa yana neman a ba shi wurin da zai tsaya kusa da wanda yake so, ya faɗa masa da bakin wasa abin da ba zai iya faɗa da bakinsa ba. Fanny ta ƙi fitowa, amma ita ce take sauraron haddar kowa har ta san wasan fiye da masu yin sa.

Akwai wata fitowa da na saurara ya fi sau biyar. Budurwar da Edmund yake so ta zo ɗakin Fanny ta roƙe ta su gwada wurin da za ta bayyana soyayyarta, suna cikin haka sai ga Edmund shi ma ya shigo da tasa takardar don neman taimako iri ɗaya. Da suka ga juna sai suka yi gwajin tare, aka bar Fanny da littafi a hannu tana yi musu tuni. Ki duba wannan hali, wadda take son mutum ita ce take raɗa masa kalmomin da zai faɗa wa wata. A ƙarshe maigida ya dawo ba zato ana tsakiyar gwaji, ya sa aka rushe dandalin, ya ƙone kwafen wasan da ya ci karo da su. Gaskiya littafin ya fi sauran na marubuciyar nauyi, tafiyarsa kuma a hankali take, amma ƙarshensa alheri ne ga Fanny. Da yake tsohon littafi ne, za ki same shi a murya cikin sauƙi, da masu karantawa daban-daban.

Abu Hanif:

Allah ya ƙara afuwa, Hajiya. Ni ina da ja a kan wani ɓangare na wannan magana, kuma ina fatan ba za a ɗauke shi rashin ladabi ga Malam ba. Ƙagaggen labari ana iya sauraron sa, ban musa ba, amma wasan kwaikwayo an yi shi ne domin ido. Wanda ya saurari wasa bai gan shi ba kamar wanda aka ba labarin kokawa ne, ya ji wanda ya yi kaye amma bai ga yadda aka yi ba. Misalin da zan kawo shi ne The Lion and the Jewel na Wole Soyinka, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1986. Wasa ne mai ban dariya a kan budurwa Sidi da maza biyu da suke neman ta, malamin makaranta Lakunle mai yawan Turanci da tsohon basarake Baroka mai wayo. Zan iya ba da shi a matsayin shawara, amma wurare mafi armashi a cikinsa babu magana ko ɗaya, rawa ce da kwaikwayo da jiki, kamar inda 'yan mata suke zama ƙafafun mota don nuna zuwan baƙon da ya ɗauki hoton Sidi. Ta yaya kunne zai ga wannan? A Daren Sha Biyu ma, ai daɗin abin shi ne kana ganin mace a cikin kayan maza alhali mutanen cikin wasan ba su gane ba. Shawarata ita ce Hajiya ta tsaya a kan labaran zube yanzu, ta bar wasanni sai idon ya warware.

Tsohon Malamin Adabi:

Babu rashin ladabi a ciki, Malam Abu Hanif, ai zauren don haka aka buɗe shi. Na yarda da kai a kan wasan Soyinka, domin rabinsa a jiki yake, kuma ina ƙara cewa ƙarshensa ba kowace mace ce za ta kira shi mai sauƙi ba, ganin irin dabarar da tsohon ya bi ya sami yarinyar. Amma ka ɗauki hukuncin wasa ɗaya ka ɗora wa duka. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi a rediyo mutane suka fara sanin su kafin su zama littafi, kuma jama'ar da ba su taɓa shiga zauren wasa ba sun san taurarin cikinsu kamar maƙwabtansu, da kunne kawai. Mu da muka tashi a gaban akwatin rediyo mun san cewa ƙarar buɗe ƙofa da gyaran murya da ɗan shirun da ake yi kafin amsa suna gina ɗaki sukutum a cikin kan mai saurare.

Game da Viola kuwa, ina ganin kunne ya fi ido riba. A dandali, idan an sa wa mace rawani ko hula, ɗan kallo yakan shagala da tambayar yadda aka yi mutanen nan ba su gane ta ba. A murya wannan matsalar ba ta tasowa. Abin da ya rage shi ne muryar da take isar da saƙon wani, tana rawa kaɗan a daidai wurin da saƙon ya zama nata. Akwai inda take ba ubangidanta labarin wata 'yar'uwa da ta so wani mutum ba ta taɓa faɗa ba, alhali kanta take nufi. Wannan wuri ba ya buƙatar fitila ko sutura, ƙwararriyar murya kawai yake buƙata.

Ummu Safwan:

Na gode ƙwarai, ina biye da ku, ƙanwata ce take karanto mini amsoshin tana kuma rubuta nawa. Ina da tambaya a kan abin da Baba Malam da Abu Hanif suke tattaunawa. Na taɓa gwada sauraron wani wasa da mutum ɗaya ya karanta, sai ya zama kafin kowace magana yana kiran sunan mai yin ta, sannan bayanin shiga da fita ma yana karanta shi da murya ɗaya da maganar soyayya. Ban kai minti 20 ba na kashe, domin na kasa bambance mai magana da mai amsawa. Shin haka ake yin su duka, ko ni ce ban dace da mai kyau ba?

Ɗan Dandali:

Ba haka ake yin su duka ba, Hajiya, kuma wannan tambayar taki ita ce gaɓar maganar. Ni ɗan wasa ne na sha'awa, na yi shekaru ina fitowa a dandali, kuma abin da na lura shi ne sauraron wasa iri uku ne. Akwai wanda mutum ɗaya yake karanta komai, shi ne kika ci karo da shi, kuma ba ya yin kyau sai a hannun gwani na gaske. Akwai wanda ake raba matsayi ga mutane da yawa, wani kuma dabam ya riƙa karanta bayanin shiga da fita. Sannan akwai wanda aka sake tsara shi domin kunne kamar wasan rediyo, inda ake cire bayanin gaba ɗaya a maye gurbinsa da sauti, a kuma sa 'yan wasa su riƙa kiran sunan juna a cikin zance don a san wanda ya shigo. Na ukun nan shi za ki nema, idan babu sai na biyu. Kafin ki sauke kowanne, ki saurari ɗanɗanon da ake bayarwa na 'yan mintuna, za ki gane irinsa nan take.

Akwai shafin LibriVox, wanda aka kafa a 2005, inda 'yan sa-kai suke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kuma suna da wasanni da yawa da aka raba wa muryoyi. Ingancin ba ɗaya ba ne, domin kowa a ɗakinsa yake naɗar tasa muryar, wani lokaci za ki ji saurayi kamar a cikin rijiya yake, budurwarsa kuma kamar a gefen kunnenki. Waɗanda kamfanoni irin su Audible suke sayarwa da waɗanda BBC ta shirya sun fi tsabtar sauti. Wata dabara da take taimako ita ce a karanto miki jerin sunayen 'yan wasa da dangantakarsu sau biyu kafin ki fara, musamman a wasan da yake da tagwaye ko ɓad-da-kama.

Tun da kin ce kina son abin da ya shafi sana'ar kanta, zan ƙara biyu. An Actor Prepares na Konstantin Stanislavski, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shahararren gidan wasan nan na Mosko mai suna Moscow Art Theatre a 1898, littafin koyarwa ne amma an rubuta shi a matsayin kundin wani ɗalibi da yake ba da labarin darussan malaminsa, don haka yana tafiya kamar labari. Ɗalibin yana shiga dandali da tunanin ya iya, sai duhun wurin 'yan kallo ya tsorata shi har ya rasa inda zai sa hannuwansa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin ya san wannan tsoro. Na biyu shi ne The Empty Space na Peter Brook, na 1968, gajere ne, kuma jigonsa shi ne fili da mutum ɗaya mai wucewa da wani mai kallonsa sun isa a ce an yi wasa. Babu soyayya a cikinsu, amma bayan kin san su za ki saurari labaran da aka ambata a sama da wani kunne dabam.

Maman Nusaiba:

Sannu da jiki, 'yar'uwa. Na ga maganar ta karkata ga littattafan Turanci, to bari in dawo da mu gida kaɗan, domin mai jinya babu abin da ya kai mata harshen da ta tashi da shi daɗi. So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, gajere ne kuma mai taushi, labarin budurwa Boɗaɗo ne da ta tsaya a kan wanda take so duk da adawar danginta. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, kowa ya san shi, Sumayya 'yar masu kuɗi da Muhammad ɗan talaka, sai dai akwai tashin hankali a tsakiyarsa, don haka ki shirya masa. Shi marubucin ma mutumin wasan kwaikwayo ne, ya rubuta wasa mai suna Malam Zalimu, kuma ina ganin shi ya sa hirar taurarinsa take zama daram a baki idan an karanta ta da ƙarfi.

Inda matsalar take shi ne wajen masu karantawa. Littattafan soyayya na Hausa sun cika YouTube da sauran kafofi a murya, amma sai an tona kafin a sami na kirki. Wata mai karatun gudu take yi kamar ana korar ta, wata kuma tana sa kiɗa a ƙasa har ya danne maganar. Mafi muni shi ne waɗanda ake ba na'ura ta karanta, domin na'ura ba ta san karin sautin Hausa ba. Na taɓa jin inda aka rubuta cewa yarinya ta fashe da kuka, muryar ta furta kalmar kamar sunan itace, a wani wurin kuma wuyan budurwa ya koma wahala. A rubuce ido yana gyara irin wannan da kansa, amma kunne ba ya yafewa. Ki nemi mai karatun da take numfasawa a inda marubuci ya sa aya, wadda kuma ba ta ƙaƙalo muryar namiji da ƙarfin tsiya, ɗan sauke murya kaɗan ya wadatar.

Abu Hanif:

Na karɓi gyaran Malam a kan wasan rediyo, hujja ce mai ƙarfi. Amma akwai abin da yake damuna tun farkon zancen, shi ne wannan kalma ta mai sauƙi. Idan mai karatu ya sa sharaɗi tun kafin ya buɗe littafi cewa dole a ƙare da aure, ba a mutu ba, ba a rabu ba, anya bai ɗaure hannun marubuci ba? Ina tsoron irin wannan buƙata ce ta sa kasuwa ta cika da labarai masu kama da juna, attajirin saurayi da kyakkyawar budurwa da 'yar rashin fahimta da ake warwarewa a shafin ƙarshe. Ban ce Hajiya ta yi laifi ba, mai jinya tana da uzuri, amma ina ganin bai kamata mu mayar da sauƙi ma'aunin kyau ba.

'Yar Alƙalami:

Malam Abu Hanif, babu wanda ya ce sauƙi ne ma'aunin kyau, amma kai ma kada ka mayar da nauyi ma'auninsa. Ni ina ɗan taɓa rubutu, kuma ina tabbatar maka cewa kashe jarumi ya fi sauƙin rubutawa a kan haɗa masoya biyu ta hanyar da mai karatu zai gamsu. Mutuwa tana jawo hawaye ko da alƙalamin rago ne. Amma ka riƙe mutum awa goma alhali ya riga ya san za a yi aure, wannan sai wanda ya iya gina hali da hira. Wanda yake sauraron irin wannan labari ba tambayar ko za su haɗu yake yi ba, tambayarsa ita ce wane abu ne a cikin halinsu yake hana su faɗin gaskiya, kuma yaushe zai kau. Shi ya sa soyayya mai sauƙi take jituwa da dandali. Ka duba duk misalan da aka kawo a nan, Viola da kayan maza, mutanen gidan su Fanny da takardun wasansu, uwar da take tace labarinta a gaban 'ya'yanta, kowannensu yana faɗin abin da yake ransa ne ta bayan wani labule. Labaran da kake kuka da su ba sauƙi ne ya ɓata su ba, rashin wannan labulen ne, an bar masoya suna ta furta kalmomin ƙauna tun shafi na uku babu abin da ya rage a jira.

Akwai kuma abin da nake so in ƙara a kan maganar Maman Nusaiba. Da yawa daga littattafan Hausa da ake karantawa a intanet ba a nemi izinin marubutansu ba. Ya faru da ni, wata rana wata ƙawata ta turo mini labarina ana karanta shi a wata tasha, an canza masa suna, an cire nawa, an ma tsallake babi guda don a gajarta. Na rubuta musu sau biyu ba su amsa ba. Don haka ina roƙon duk mai nema ya fifita tashar da take ambaton sunan marubuci, ta kuma bayyana cewa da yardarsa ake karantawa.

Mai Karatun Dare:

Maganar labule ta tuna mini da Cyrano de Bergerac na Edmond Rostand, wasan Faransa na 1897, kuma ina ambaton sa ne tare da gargaɗi. Cyrano jarumi ne mai fasahar magana amma yana jin kunyar girman hancinsa, yana son Roxane, ita kuma tana son wani kyakkyawan saurayi da ba ya iya haɗa jimla biyu a gabanta. Sai Cyrano ya riƙa rubuta masa wasiƙun da yake aika mata. Akwai daren da saurayin ya tsaya a ƙarƙashin benenta, Cyrano yana ɓoye a duhu yana raɗa masa abin da zai ce, wato shi ma aikin mai tuni yake yi, daga baya ya karɓi maganar da kansa ita ba ta sani ba. A ganina babu fitowar da ta fi wannan dacewa da kunne, domin ita kanta Roxane murya kawai take ji. Gargaɗin shi ne kashi uku na farko dariya ce da daɗi, amma wasan kashi biyar ne, kuma ƙarshensa yana da zafi sosai. Yaya, idan za ki saurare shi yanzu, ki tsaya a ƙarshen kashi na uku, sauran ki bar shi zuwa gaba.

Ɗan Dandali:

Ina goyon bayan wannan gargaɗi. Kuma tun da an taɓo batun saurare, ya kamata a tuna cewa littafin murya domin masu lalurar gani aka fara yin sa, a Amurka da Ingila a shekarun 1930, a kan faifan garmaho, kuma a Ingila sojojin da suka makance a yaƙin duniya na farko suna cikin waɗanda aka yi dominsu. Saboda haka Hajiya ba aron hanyar wasu ta yi ba.

Ummu Safwan:

Allah ya saka wa kowa da alheri, na sami fiye da abin da na roƙa. Jiya da dare ƙanwata ta samo mini Twelfth Night wanda aka raba wa muryoyi da yawa, ta kuma karanto mini sunayen 'yan wasan sau biyu kamar yadda Ɗan Dandali ya ce. Da aka zo wurin da Baba Malam ya ambata, inda Viola take ba da labarin 'yar'uwar da ba ta taɓa faɗin sonta ba, 'yar wasan ta yi ɗan shiru kafin ta ci gaba, sai na ji leɓena yana motsi zan ba ta kalmar, kamar ina kan bencin nan da tocila a hannu. Na mayar da wurin baya sau uku. Bayan shi zan shiga Mansfield Park, sannan Tom Lake, shi kuwa Cyrano na ji gargaɗi, zan tsaya a inda aka ce.

Abin da ya rage mini shi ne Daren Sha Biyu, domin ina so in ji yadda wannan wurin ya fito da Hausa. Baba Malam, idan kana da kwafinsa ko ka san wanda yake da shi, ina roƙon a taimaka a sanar da ni. Mu huɗu ne a gidan da za mu iya raba matsayin a tsakaninmu, su uku su riƙe takarda, ni kuma in haddace nawa da kunne.